Muna kan hanya, amma ina zangon gobe? Darasi daga Mafaza

Duk wanda ya zauna da dattawanmu na bakin kogin Rahad, daga Hawata har Mafaza, ya san wata magana da ba ta rabuwa da bakinsu. Ka ce, "Baba, ba za a sa bulo a ɗakin nan ba?" Sai ya dube ka ya ce, "Ɗana, ai mu matafiya ne, muna kan hanya." A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kabarin kakansa yana bayan gari, amma har yau yana kan hanya.

Maganar tana da tushe, tushen kuma mai daraja ne. Sai dai kalmar da ta tayar da kaka daga gidansa ta sa shi ya keta daji da hamada, ita ce yau take kwantar da jika a ƙarƙashin rumfa yana cewa "sai baɗi". Abin da nake so mu duba ke nan, 'yan'uwa fatake da iyalanku: wa ke riƙe da linzamin rayuwarmu, mu ne ko kuwa kwanaki ne suke jan mu duk inda suka ga dama?

Yadda aka zo nan

Saboda masu karatu na Kumasi da Agadas da Jidda da ba su san wurin ba: Mafaza gari ne a jihar Gadarif, gabashin Sudan. Kogin Rahad yana gangarowa daga tsaunukan Habasha, da damina ya cika ya tumbatsa, da rani ya yanke ya bar tafkuna, can kusa da Madani ya haɗu da Shuɗin Nilu. Ƙasar baƙar laka ce, ƙasar dawa da riɗi da ƙaro. Hausawa a nan manoma ne, masunta ne, masu lambu ne, 'yan kasuwa ne. Naman da duk Sudan take kira agashe, da jin sunan ka san daga bakin wa ya fito.

Hanyar Makka ce ta kawo mu. Tun kafin zuwan Turawa alhazai suke bin ta, daga Kano da Katsina da Sakkwato, ta Borno, ta Wadai, ta Darfur da Kurdufan, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da aka yi yaƙin Burmi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu a fagen daga, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, ya kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sinnar. Daga baya aka gama dam ɗin Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sannan a shekarun 1940 aka fara noman inji a ƙasar Gadarif. Aiki ya samu, mutanenmu suka bazu.

Ku lura da yadda waɗancan mutane suke tafiya. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai duba hanya, yana da malami mai riƙe da rubutu. Kowa ya fito da sana'arsa: wannan maɗinki, wancan wanzami, wancan baduku. In guzuri ya ƙare sai a ya da zango, a yi damina ɗaya ko biyu ana noma, a sayar, a sayi jaki, a ɗaura kaya. Tafiyar takan ci shekaru, amma ka tare kowane ɗayansu a hanya ka tambaye shi abu uku, zai ba ka amsa ba inda-inda: ina za ka, ina ne zangonka na gaba, me ya rage a jakarka.

Wasu sun isa Makka, suka dawo, suka zaɓi nan suka zauna da saninsu. Wasu kuwa suka ce bari a ƙara damina ɗaya, damina ta zama goma, goma ta zama hamsin. Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya fitar da littafi a 1995 a kan Hausawan ƙauyukan Jazira waɗanda ɗa da jika da tattaɓa-kunne duk suke ɗaukar kansu maniyyata da ba su ƙarasa ba tukuna. To mun gaji kalmar "muna kan hanya". Abin da ya suɓuce wa da yawanmu shi ne lissafin zango.

Riɗi ba ya jiran kowa

Wani zai ce komai nufin Allah ne. Haka ne, babu musu. Amma ba mu taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka ya zauna yana jiran girbi ba, kuma magabata sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Gonar riɗi ta isa ta koya mana. Da zarar ganye ya fara rawaya yana zuba, kwanaki kaɗan gare ka ka yanke, ka ɗaure, ka jingine shi tsaye ya bushe. In ka yi jinkiri kwanson yakan buɗe da kansa, ƙwayar ta zube a laka, tururuwa ta gode maka. Shi ya sa manomin da ya san abin da yake yi, tun riɗi yana fure yake shirya masu yanka, ya yi magana da 'yan ci-ranin nan da ake kira jangu, ya tanadi abincinsu. Wanda ya tashi nema ranar da kowa yake nema, ko ya biya kuɗi mai tsada ko ya kalli gonarsa tana zubewa.

Ɗan kasuwa ma haka. Kowa ya san in ruwa ya sauka a ƙasar nan laka takan riƙe mota kwana da kwanaki. Mai shagon da ya shigo da sukari da mai da sabulu da gishiri tun kafin damina ta kankama, shi ne zai buɗe ƙofa da safe a watan Agusta. Maƙwabcinsa kuwa sai dai ya zauna yana zagin hanya.

Rayuwa cike take da irin wannan riɗi. Shekarun sa yaro makaranta riɗi ne. Ƙarfin jikinka tsakanin shekara talatin da hamsin riɗi ne. Arahar hatsi ran girbi riɗi ce. Babu ɗayansu da zai tsaya sai ka shirya.

Wanda ya ci shel ya sayar da shawararsa

Akwai wani bashi da ake kira shel a Sudan. A tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin ciyawa, ga yaro ba lafiya. Sai manomi ya je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi ko kaya, da sharaɗin zai biya da buhunan dawa ko riɗi in an girbe, a kan farashin da aka yanke tun yanzu, farashi mai rauni. A ce ya karɓi abin da bai wuce kuɗin buhu uku ba, ran biya ya auna biyar. Buhu biyun nan da suka tafi su ne da za su kai shi damina mai zuwa. Tun da babu su, baɗi ma sai ya koma ƙofar nan.

Asarar ba ta tsaya a buhu biyu ba. Mutumin ya rasa ikon cewa yaushe zai sayar, wa zai sayar wa, nawa zai ajiye. Amfanin gonarsa yana tsaye a gona amma shawararsa tana aljihun wani. Mu 'yan kasuwa kada mu yi dariya, don namu shel ɗin yana nan. In kayan shagonka duka na dilan birni ne, kullum kana sayarwa kana aika masa, ka ci ribar ka cinye, to kai yaron shago ne a shagon da aka rubuta sunanka.

Ba a fita daga wannan rami da tsalle ɗaya. Waɗanda na ga sun fita, hawa-hawa suka fita. Ran girbi, kafin a kai ko mudu ɗaya kasuwa, a ware iri, a ware abincin gida har zuwa sabon hatsi. Bana a rage shel da kashi ɗaya cikin uku, baɗi a sake ragewa. Rani kuma kada a ba shi kyauta: ga lambu a bakin Rahad, ga kifi a tafkuna, ga ɗiban ƙaro. A shiga adashi, wanda maƙwabtanmu Larabawa suke kira sanduƙ, a tsara ɗauka ta faɗo daidai lokacin da aka saba neman bashi. A farfaɗo da gayya, su suna ce mata nafir, don kuɗin ƙwadago ya ragu. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka ƙirga jarinka da buhu

Ɗan shekara hamsin da ɗoriya a Sudan ya ga kuɗi sun canza fuska a hannunsa sau da yawa. A 1992 aka kawo dinari a madadin fam. A 2007 aka dawo da fam, sabon fam ɗaya a bakin tsofaffi dubu. A 2011, da Kudu ta ɓalle, aka sake buga sabbin takardu. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam a rana ɗaya, dalar Amurka ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma. A watan Disambar 2024 aka sake canjin takardun 500 da 1000, jama'a suka yi ta layi a bankuna.

Darasin a bayyane yake: adadin da ke rubuce a takarda ba shi ne arzikinka ba. In ka sayi katan na sabulu, ka sayar da riba, ka koma birni kuɗin duka ba su sayi katan ɗin nan ba, wallahi faɗuwa ka yi, ko da aljihu ya yi nauyi. Don haka ka ƙirga jarinka da kaya. Farkon shekara katan nawa gare ni, buhu nawa, awaki nawa? Ƙarshen shekara nawa suka zama? Wannan tambayar ba ta yi wa kowa kara.

A raba aljihu uku, kada su gaisa: jari, cefane, ajiya. A sami littafi ɗaya na bashi, a rubuta suna da rana da adadi, ko da mai karɓar ƙanenka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Rubutu ba ya ɓata zumunci, mantuwa da musu su ke ɓata shi. Ajiya kuma kada ta kwana wuri ɗaya. Da layukan waya suka ɗauke a watan Fabrairun 2024, mutanen da duk abin da suka mallaka yana cikin Bankak sun ga ta kansu: ga kuɗi a waya, ga yara da yunwa. Wani abu a banki, wani a hannu, wani a rumbu, wani a turke.

Takarda ma guzuri ce

Tunanin "mu baƙi ne, gobe za mu wuce" babu inda ya cuce mu kamar wajen takardu. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun ƙarshen 1897, ga shi da yawan mutanenmu bayan nan suka iso. Wannan ya wahalar da iyayenmu ƙwarai. Dokar 1994 ta sassauta, ta mai da ma'aunin zuwa 1 ga Janairun 1956, sannan daga 2011 aka shigo da lambar ɗan ƙasa, raƙam waɗani. Ban ce hanyar ta zama shimfiɗaɗɗiya ba. Har yanzu wani yakan sha tambayoyin da ba a yi wa maƙwabcinsa. Amma akwai gidajen da ba su taɓa zuwa sun nema ba ma, ana ta "sai an sami sarari".

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023 ya nuna mana kuɗin wannan jinkiri. Da Madani ta faɗi a Disambar 2023, da Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka kwararo ƙasar Gadarif, wasu a bayan lori, wasu a ƙafa. A shingen bincike takarda ake tambaya. Buɗe asusun banki, takarda. Fasfo, takarda. Rajistar jarrabawa, takarda. Wanda ya fito da nasa a leda ɗaure a ƙugu, ko ya ɗauki hotonsu ya tura wa ɗan'uwa a wani gari, ya wuce wanda ya bar su a akwati ƙarƙashin gado.

Wannan ba matsalar Sudan ba ce kaɗai, duk inda Bahaushe ya ya da zango tana iya riskarsa. Dattawan zangon Kumasi da Akara ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Mutane sun bar gidaje da rumfuna da suka yi shekaru suna ginawa. Don haka, ɗan'uwa, ko a ina kake karanta wannan, ka ƙirga mutanen gidanka yau da dare. Waye ba shi da takardar haihuwa? Waye ba shi da katin shaida? Ka fara da mata da 'yan mata, don su aka fi bari a baya, su kuma suka fi shan wuya in an rabu a hanya.

Girma ba ya hana ɗaukar alli

Ni allo na yi, kamar yawancin tsarana. Larabcin kasuwa a kasuwa na tsince shi. Boko kuwa da gemuna na koya, daga rubutun jikin katan da wani ɗan littafin koyon karatu da wani alhaji ya zo da shi daga Kano. Rabin sa'a bayan sallar asuba, kafin a buɗe shago, ita ce makarantata. Ba don yabon kai na faɗa ba, sai don mai cewa "ai ni na wuce nan" ya san rabin sa'a tana aiki in an ba ta shekara.

Kowa ya zaɓi abu ɗaya da rashinsa yake ci masa kuɗi ko mutunci. Wani bai iya karanta yarjejeniyar da yake dangwala wa hannu ba. Wani sai an yi masa lissafin kashi cikin ɗari. Wani matashi yana ganin famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana yana shigowa lambuna, in ya lalace sai an ɗauko mai gyara daga birni, shi kuwa yana zaune yana jan waya. Abu ɗaya dai, kada a ɗauki biyar a ajiye biyar. A sa masa lokaci a rana, a sa masa watan gamawa, a gaya wa wani aboki mai faɗin gaskiya don ya riƙa tambaya.

Sai yara. Yaƙi ya rufe makarantu wata da watanni, wasu ma aka sauke 'yan gudun hijira a cikinsu. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahadar Sudan a 2023 ba su samu ba sai ƙarshen Disambar 2024. Babu uban da ya jawo wannan. Amma an ga bambanci tsakanin gidan da aka ce "sai an buɗe" da gidan da aka shimfiɗa tabarma da yamma, babbar yarinya tana koya wa ƙannenta, uba yana duba littafi ko da bai gane duk abin da ke ciki ba. Yaranmu suna tashi da Hausa da Larabci a baki. Wannan jari ne da wasu suke biyan kuɗi su samu. In aka koya musu rubuta su biyun, an ba su hanya daga Port Sudan har Legas.

Zama ɗaya a shekara

Ayari ba ya tashi sai madugu ya zauna da manyan tafiya. Gida ma ayari ne. Bayan an gama girbi, kaya sun shiga rumbu, maigida ya zauna da uwar gida da manyan 'ya'ya, a kashe rediyo, a ajiye waya. A faɗi abin da aka samu, a faɗi bashin da ke kai, ba ɓoye-ɓoye. Sau da yawa uwar gida ta fi kowa sanin inda kuɗi suke zurarewa, tambayarta ce ba a yi. Kuma 'yar sana'arta, ko dakuwa ce ko ƙuli-ƙuli ko godogodo, jarinta jari ne; kada a mai da shi kuɗin cefane a ce za a biya, a ƙi biya.

A wannan zaman a rubuta zango uku kacal na shekara, kowanne da watansa da sunan wanda zai ɗauka. Misali: kafin watan azumi, takardun yara biyu sun fito, aikin maigida ne. Kafin saukar ruwa, kayan damina sun shiga shago, aikin babban ɗa ne. Ran girbi, shel ɗin bana bai kai na bara ba, aikin kowa ne. A liƙa takardar inda ido zai riƙa faɗa mata. In shekara ta zagayo a duba. Wanda aka cim ma a gode wa Allah, wanda ya gagara a tambayi dalili, a sake ɗaura masa kaya.

A nan ne kuma ya kamata a fuskanci babbar tambayar da muke kauce wa. In niyyar Makka tana nan da gaske, to a buɗe mata asusunta, ko tunkiya ɗaya ce a ɗaure da sunanta, kowace shekara a ƙara. In nufin komawa ganin dangi a Kano ko Maraɗi ne, a sa shekara, a fara neman fasfo. In kuwa nan ne gida, kuma ga yawancinmu nan ne, to a faɗa da baki, a sa bulo, a dasa mangwaro da lemo, a nemi takardar fili, a shiga kwamitin makaranta da na ruwa, a yi magana a taron unguwa kamar mai gari. Kowanne daga cikin ukun nan hanya ce mai kyau. Wadda ba ta da kyau ita ce a shekara arba'in ba a zaɓi ko ɗaya ba.

Ba mu da iko a kan yaƙi, ba mu da iko a kan ruwan sama, farashin riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif ma ba mu muke yanka shi ba. Kakanninmu su ma ba su da iko a kan 'yan fashin hanya da rijiyar da suka tarar ta ƙafe. Abin da ke hannunsu shi suka riƙe da kyau: niyya, da zangon gaba, da sanin abin da ya rage a jaka. Wannan gadon ya fi ƙarfin a bar shi a bakin dattawa kawai. Yau da dare a nemo littafi da biro, a kira uwar gida, a rubuta zangon farko.

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mai da kowa gidansa, ya sa albarka a nemanmu.